Layi ɗaya na aiki, layi 590 na gwaji: me ake gwadawa a laburaren kod, kuma da wane kayan aiki?

Kana cikin tura saƙo a WhatsApp batirin waya ya mutu. Ko kana kan kwamfutar tebur, ka buɗe Chrome ko Firefox, aka ɗauke wuta babu sallama. Da aka sake kunnawa sai ka tarar da komai yana nan. Saƙon ƙarshe ko dai ya shiga gaba ɗayansa, ko bai shiga ba sam, amma hirarrakinka na shekara uku ba su dagule ba. Yawancinmu ba ma tsayawa mu tambayi dalili. Dalilin kuwa shi ne akwai mutanen da suka zauna suka riƙa ɗauke wa kod ɗin wuta da gangan, sau ba adadi, kafin ya iso hannunka. Kod shi ne rubutattun umarnin da manhaja ke gudana da su.

Sunan kod ɗin SQLite, ƙaramin rumbun ajiye bayanai da wani Ba'amurke, D. Richard Hipp, ya fara fitarwa a shekarar 2000. Yana cikin kowace wayar Android da kowace iPhone, har kamfanin Airbus ya tabbatar cewa yana cikin manhajar jirginsa samfurin A350. Irinsa ake kira laburare, wato kod da aka rubuta don wasu masu rubuta manhaja su ɗauka su ɗora nasu ginin a kai. Mai laburare tamkar mai buga bulo ne. Bai san ko katanga za a yi da bulonsa ko bene mai hawa huɗu ba, bai san ko a kan tudu za a yi ginin ko a bakin fadama ba, amma ranar da gini ya rufta shi za a fara nema.

A nan gwajin laburare ya sha bamban da gwajin manhajar da ka rubuta wa kanka ko wa kamfaninku. Hausawa na cewa mai ɗaki shi ya san inda ruwa ke zuba masa. Mai laburare kam ɗakin ba nasa ba ne, kuma waɗanda ruwa ke zuba wa ba su da lambar wayarsa. Wani injiniya da ya yi aiki a Google, Hyrum Wright, ya lura da abin da yanzu ake kira dokar Hyrum: idan masu amfani da kod ɗinka suka yi yawa, duk wata ɗabi'a tasa da za a iya gani, ko ka yi alkawarinta ko ba ka yi ba, sai an sami wanda ya jingina aikinsa da ita. A cikin kod ɗin Go, wani harshen rubuta manhaja, akwai wani saƙon kuskure na 'yan kalmomi da masu kula da shi suka rubuta gargaɗi a gefensa cewa ba za a iya canja lafazinsa ba, domin akwai manhajojin da ke duba ainihin waɗannan kalmomin. Su dai masu Go ɗin, da suka hango mutane za su dogara da jerin yadda abubuwa ke fitowa daga wata irin ma'ajiya tasu, sai suka sa jerin ya riƙa birkicewa da gangan a kowane zagaye, don kada kowa ya saba da shi.

Saboda haka tambayar farko ga mai rubuta laburare ita ce: me na yi wa mutane alkawari? Gwaje-gwajensa su ne rubutaccen alkawarin. Gwajin da ya shigo ta ƙofar da baƙo zai shigo, ya kira laburaren yadda baƙo zai kira shi, shi ne mai daraja. Wanda ya kutsa cikin hanjin kod yana duba yadda aka jera kayan ciki, duk ranar da ka gyara tsarin cikin sai ya faɗi alhali ba abin da ya lalace, kuma a hankali sai ka fara jin tsoron taɓa kod ɗinka. Na ga ayyuka da dama da gwajinsu ya koma musu sarƙa a ƙafa ta wannan hanya.

Mu koma kan SQLite, domin a wurinsu abin ya kai maƙura. A lissafin da suka wallafa kan fitowa ta 3.42.0 ta shekarar 2023, laburaren kansa layi dubu 155 ne da ɗoriya na harshen C, gwaje-gwajensa kuwa sun haura layi miliyan 92, wato ninki 590. Adadin kan ruɗi mutane, har wasu su ɗauka darasin shi ne a yi ta tara gwaji. Mafi yawan waɗannan layukan inji ne ya haife su. Abin lura shi ne irin tambayoyin da gwajin ke yi.

Ɗauki batun ƙarewar memori. Duk manhaja tana roƙon inji ya ba ta ɗan fili ta ajiye abin da take aiki a kai, kuma a babbar kwamfuta da wuya a hana ta. A ƙaramar waya mai cike da hotunan biki kuwa ana hanawa. Abin da masu SQLite suka yi shi ne suka sauya mai rabon filin da na bogi, wanda aka umarta ya ƙi bayarwa a roƙo na farko. Aka gudanar da aikin, aka duba ko laburaren ya janye cikin mutunci ba tare da ya ɓata fayil ba. Sai aka maimaita, wannan karon a ƙi a roƙo na biyu. Sai na uku. Haka za a yi ta tafiya har aikin ya kammala ba a kai ga roƙon da za a ƙi ba. Sannan a sake zagayen duka ta wata fuska, inda daga roƙon da aka fara ƙi ba za a ƙara bayarwa ba har ƙarshe. Haka suke yi wa kuskuren rubutu a faifai, kamar faifai ya cika ana tsakiyar aiki.

Na ɗauke wuta ya fi ban sha'awa. Ba filogi ake cirewa ba. Ana sa wani sashe na gwajin ya fara rubuta bayanai ta cikin faifan bogi, sai a kashe shi a tsakiyar rubutun, faifan bogin kuma ya kwaikwayi abin da faifan gaske kan yi idan wuta ta yanke: wasu rubuce-rubucen da ba su gama sauka ba ya watsar, wasu ya cakuɗa jerinsu, wasu ya cika su da shara. Daga nan sai a buɗe fayil ɗin a duba abu biyu, cewa rumbun bai lalace ba, kuma canjin da aka fara ko ya kammala ɗungurungum ko ya koma kamar ba a fara ba. Wanda ya san halin wutar lantarki a Kano ko Zariya ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani kan amfanin wannan.

Akwai kuma ma'aunin da ke nuna inda gwaji ya taka a cikin kod da inda bai taɓa takawa ba. Amfaninsa a fili yake idan aka tuna abin da ya sami Apple a Fabrairun 2014, lokacin da aka gano an maimaita layi ɗaya tak sau biyu a kod ɗin da ke tantance sahihancin shafukan intanet. Layin na biyu ya sa ana tsallake matakin ƙarshe na tantancewar a kowane lokaci. Da an auna, da an ga akwai layukan da babu wata hanya da za a bi a isa gare su. SQLite sun wuce ƙirga layi. Tun 2009 suke bin wani ma'auni da aka aro daga ƙa'idar manhajojin jiragen sama mai suna DO-178B, wanda ke neman a gwada kowace mararraba ta ɓangarorinta biyu, kuma idan sharuɗɗa uku ne suka haɗu suka yanke hukunci, a nuna cewa kowane ɗaya shi kaɗai yana iya juya hukuncin. Sun kai ɗari bisa ɗari. Hipp ya sha faɗin cewa aikin ya ci masa kusan shekara guda, kuma bayansa rahotannin kurakurai suka ja baya sosai.

To amma a 2015 sai wani masanin tsaro ɗan ƙasar Folan, Michał Zalewski, ya saki wani kayan gwaji nasa mai suna AFL a kan wannan laburaren da aka gwada kowace mararrabarsa, ya kuwa fito da kurakurai fiye da ashirin masu kayar da shi. Ta yaya? Ma'aunin takawa yana gaya maka cewa an bi kowace hanya da ka gina. Ba ya cewa komai game da hanyar da ya kamata ka gina amma ba ta faɗo maka a rai ba. AFL kuwa ba ya tunani irin na mutum. Ɗura wa manhaja shirme yake yi, ya ɗauki umarni mai kyau ya yanke masa wutsiya, ya sauya harafi, ya liƙa rabin wannan a jikin wancan, duk wanda ya kai shi wani sabon lungu na kod sai ya riƙe shi ya ci gaba da lanƙwasa shi. Asalin dabarar ma daga haɗari aka samo ta. A 1988 wani malami a Jami'ar Wisconsin, Barton Miller, yana aiki daga gida ta layin tarho ana ruwa da tsawa, sai ƙarar layin ta riƙa cusa haruffan banza a cikin umarninsa, ya ga manhajoji suna faɗuwa. Ya ba ɗalibansa aikin su gwada da gangan, suka kayar da tsakanin kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku na manhajojin Unix da suka gwada.

Masu SQLite ba su yi girman kai ba, suka rungumi dabarar har suka ƙera nasu injin ɗura shirmen. A ra'ayina duk laburaren da ke karɓar bayanai daga waje, hoto ne, fayil ne, saƙo ne daga intanet, kuma aka rubuta shi da C ko C++, rashin yi masa wannan gwajin sakaci ne. Ramin tsaro na Heartbleed da aka bankaɗo a Afrilun 2014 a OpenSSL, laburaren da ke kare sirrin sadarwa a intanet, ya shekara biyu a buɗe, kuma daga baya wani mai bincike Bajamushe, Hanno Böck, ya nuna cewa AFL tare da AddressSanitizer, mai kama manhaja idan ta karanta memorin da ba nata ba, suna gano shi cikin 'yan awoyi. Tun ƙarshen 2016 Google ke gudanar da OSS-Fuzz, inda ake yi wa manyan laburaren da kod ɗinsu ke buɗe wannan gwajin kyauta.

Duk da haka akwai abin da ba ma'aunin takawa ba injin shirme da zai kama, kuma wannan ya shafe mu kai tsaye. Ka ajiye kalmar "Ƙasa" a SQLite, sannan ka neme ta da ƙaramin harafi, "ƙasa", ta umarnin bincike na LIKE. Ba za ka same ta ba. Ka ajiye "Kano" ka nemi "kano", nan take za ta fito. Umarnin da ke mayar da rubutu manyan baƙaƙe ma haka yake, zai ɗaga kowane harafi ya bar ƙ da ɗ da ɓ a zaune. Ba kuskure ba ne a wurinsu, sun rubuta ƙarara cewa haruffan Ingilishi 26 kaɗai suke daidaita babba da ƙarami, wanda ke son fiye da haka ya haɗa da ƙarin laburaren ICU. Gwajinsu na layi miliyan 92 yana tabbatar da alkawarin da suka yi ne, ba wanda kai ka zata sun yi ba. Wanda ke gina laburare a kan nasu don rubutun Hausa, shi ke da alhakin sa Ɗanladi da Ɓaidu a cikin gwajinsa, ya sa kalmar 'ya'ya da alamominta biyu na (') masu karya umarnin da aka haɗa da ganganci, ya kuma tuna cewa abin da ake rubutawa 'y a Najeriya, a Nijar ƴ ake rubuta shi.

Ni kaina na taɓa cin karo da irin wannan. Na rubuta ɗan ƙaramin laburare mai mayar da lamba zuwa kalmomin Hausa, don buga adadin kuɗi a rasit. Na rubuta gwaji da hannu kusan talatin: 11, 99, 250, 1,500, duk suka wuce, na ji daɗi. Wanzami ba ya son jarfa, lambobin da na san za su wuce su na zaɓa ba tare da na lura ba. Sai na rubuta kishiyar aikin, mai karanta kalmomi ya dawo da lamba, na kafa sharaɗi guda: kowace lamba aka mayar kalmomi aka dawo da ita, dole ta dawo yadda ta tafi. Na sa inji ya bi daga sifili zuwa 999,999. Ya tsaya a 20,001. Laburaren ya rubuta "dubu ashirin da ɗaya", wanda duk ɗan kasuwa zai karanta a matsayin 21,000. A baki mukan ce "dubu ashirin da guda ɗaya", ko a ce da naira ɗaya, don a raba gardama, ni kuwa ban taɓa kawo abin a raina ba sai da inji ya nuna min. Wannan salon, na kafa sharaɗi a bar inji ya nemo misalin da zai karya shi, Koen Claessen da John Hughes na Jami'ar Chalmers a Suwidin ne suka yaɗa shi da QuickCheck a wajajen 2000, masu harshen Python kuma suna da irinsa mai suna Hypothesis. Inda lambobin ba su wuce miliyan ba ma, ba sai ka ɗauko wani kaya ba, zagaye ɗaya ya isa.

Wannan ya kawo mu ga zaɓen kayan aiki, inda na fi ganin matasa suna ɓata lokaci. Gardamar ko pytest ko unittest, ko Jest ko Vitest, ba ta kai zafin da ake ba ta ba. Kowannensu zai gudanar da gwajinka. Abin tambaya shi ne wa zai riƙe kayan nan da shekara goma, domin laburare kan fi kayan da aka gina shi da su tsawon rai. Akwai lokacin da wani kayan gwaji mai suna nose ya zama ruwan dare a ayyukan Python. Fitowarsa ta ƙarshe a 2015 ce, kuma da Python 3.10 ya zo a 2021 sai ya daina tashi, ayyukan da suka dogara da shi suka wayi gari gwajinsu ba ya gudana. Distutils, wanda aka shekara fiye da ashirin ana harhaɗa laburare da shi, an cire shi daga Python 3.12 a 2023. Travis CI, wanda ya daɗe yana gudanar wa ayyukan buɗaɗɗen kod gwaji kyauta duk lokacin da aka turo gyara, ya rufe tsohon dandalinsa a tsakiyar 2021, jama'a suka yi ƙaura zuwa GitHub Actions. Waɗanda ƙaurar ta zo wa da sauƙi su ne waɗanda gwajinsu ke tashi da umarni ɗaya a kan kowace kwamfuta, injin can na nesa kiran umarnin kawai yake yi. Waɗanda suka zuba duk dabararsu a cikin fayil ɗin saitin Travis sai da suka sake gini daga tushe.

Hipp ya bi tasa hanyar, wadda ba kowa zai iya ba. Ya yi alkawarin kula da SQLite har 2050, don haka ya ƙi jingina da abin da ba ya hannunsa. Ma'ajiyar tarihin kod ɗinsa, Fossil, shi ya rubuta ta. Mai ƙera masa sashen fahimtar umarni, Lemon, shi ma nasa ne. Laburaren duka ana raba shi a matsayin fayil ɗaya na C. Ban ce kowa ya rubuta nasa Git ba, wato ma'ajiyar tarihin kod da yawancin mutane ke amfani da ita, hauka ke nan. Amma tunanin da ke ƙarƙashi daidai ne: duk abin da ka jingina da shi, ka jingina masu amfani da laburarenka da shi ba tare da ka shawarce su ba. A Maris 2016 wani mai rubuta manhaja ya janye ayyukansa daga npm, rumbun da masu harshen JavaScript ke ɗauko laburare, bayan saɓani kan suna, cikinsu har da left-pad mai layi 11, sai harhaɗa manyan ayyuka irin su Babel ya tsaya cik a faɗin duniya.

Mafi tayar da hankali shi ne abin da ya faru da xz, laburaren matse fayiloli da ke cikin kusan kowace na'urar Linux. Mutum ɗaya ne, Lasse Collin, ya shekara da shekaru yana ɗauke da shi a matsayin aikin sa-kai, har ya gaji. Wani mai amfani da sunan Jia Tan ya fara turo gyare-gyare tun 2021, a hankali ya sami amincewa har aka ba shi ikon fitar da sabuwar siga. Da ɗan gari akan ci gari. A sigogi na 5.6.0 da 5.6.1 ya dasa ɓarauniyar hanyar shiga kwamfutoci daga nesa, kuma inda ya ɓoye ta shi ne abin da ya kamata duk mai laburare ya tsaya ya duba: a cikin fayilolin gwaji. Laburaren matse fayil dole ya ajiye lalatattun fayiloli don gwada yadda zai yi da su, kuma ba wanda ke iya karanta cikinsu da ido. A cikin biyu daga irinsu ya cusa kayansa. Abin da ke zaƙulo su lokacin harhaɗawa kuwa yana cikin wani fayil na tsarin Autotools, irin rubutun da inji ke haifarwa mai dubban layuka wanda kowa ke tsallakewa, kuma gurɓataccen fayil ɗin yana cikin ƙunshin da ake rabawa ne kawai, ba ya cikin ma'ajiyar Git da mutane ke dubawa. A wani wurin ma ɗigo ɗaya ya saka a cikin kod ɗin da ke duba ko wata kariya tana nan, ɗigon ya sa binciken ya riƙa faɗuwa shiru, kariyar ta zauna a kashe.

Ba wani gwaji na xz da ya kama shi. Andres Freund ne, injiniya a Microsoft mai aiki kan PostgreSQL, yana auna saurin wani abu daban a kan sigar gwaji ta Debian, wani nau'in Linux, ya lura shiga kwamfutar daga nesa ta SSH tana cin ƙarfin inji fiye da kima kuma ta ƙara jinkirin kusan rabin daƙiƙa, ya kuma tuna wasu ƙorafe-ƙorafen da Valgrind, wani kayan kama kurakuran memori, ya yi a makonnin baya. Ya bi diddigi, ya sanar da duniya ranar 29 ga Maris, 2024, kafin sigar ta shiga manyan fitowar Debian da Red Hat da kamfanoni ke amfani da su. Tun daga nan ayyuka da dama suka koma duba ko ƙunshin da suke rabawa ya yi daidai da abin da ke cikin ma'ajiyarsu, suka kuma fara neman kowane fayil ɗin gwaji da ido ba ya iya karantawa ya zo tare da ɗan rubutun da ya haife shi, yadda kowa zai iya sake ƙera shi ya kwatanta.

Wanda ke zaune shi kaɗai da kwamfutar cinya da datar da yake lissafinta ba zai yi ninki 590 ba, ba kuma a nema daga gare shi ba. Ni dai a ɗan laburaren lambobina abin da na tsaya a kai ke nan: gwajin duka yana tashi da umarni ɗaya ko babu intanet, yana gudana a kan mafi tsufan sigar Python da na ce ina goyon baya da kuma mafi sabuwa, kuma duk kuskuren da wani ya kawo min sai na fara rubuta gwajin da zai faɗi saboda shi kafin in taɓa gyaran. Na farko a jerin shi ne 20,001. Na biyu wani ne ya turo shi daga Maraɗi, yana tambayar me ya sa laburaren bai san cewa a kasuwarsu da dala ake ƙirga kuɗi ba, inda sefa 500 take dala ɗari.